Zuwa ga Balkisa Mai Binciken Mutuwar Taurari

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Balkisa ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko kina cikin motar Damagaram, ko kin riga kin hau jirgi a Yamai. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki. Na ce wa yayanki kada ya miƙa miki ita sai kin zauna cikin mota, don na san halinki. Da a gida kika karanta, da kin zo kin tsare ni da tambayoyi, ni kuwa bakina ba ya iya ɗaukar abin da ke cikinta. Ki yi haƙuri da rubutun, idon ba kamar da ba.

Ba labari zan ba ki ba, tunda tare muke har yau. Nasiha kuma kin sha ta a gidan nan, har waɗanda ba su taɓa wuce Kance ba sun koya miki yadda ake zama da Turawa. Ni ban san ƙasar da za ki ba. Aikinki ma ban san shi ba sai ɗan abin da kika zauna kika fahimtar da ni. Abin da na sani sarai shi ne wuraren da na yi tuntuɓe wajen renonki. Su zan nuna miki, don wanda ya riga ka faɗawa rami ya fi kowa sanin inda bakinsa yake.

Ba na jin za ki tuna wannan, don lokacin ba ki daɗe da shiga lakwal, makarantar boko, ba. Wata rana da la'asar muna dawowa daga garkar babanki ta hanyar Dungu, ni da ɗaurin rake a ka, ke kina biye da ni kina tauna guntu. Sai na ji shiru a bayana. Na waiwaya na gan ki tsaye tsakiyar hanya, kin ɗaga kai. Ashe wata kika gani, fari fat, ga kuma rana ba ta faɗi ba.

Kika ce, "Inna, me ya riƙe shi bai faɗo ba?"

Na ce, "Ikon Allah. Taho mu tafi."

Kika ce, "To da me Allah ya riƙe shi? Ni ban ga igiya ba."

Wuyana na ciwo, ga tuwon dare na jirana, ga shi a matanite na kwana wajen karɓar haihuwa. Na daka miki tsawa, na ce yarinya ba ta tambaya a kan ikon Allah. Kika yi tsit har gida, ko raken ba ki ƙara kaiwa baki ba. Da na ba babanki labari, Allah ya jiƙansa, ina zaton zai goya mini baya, sai ya ce, "Gaskiya kika faɗa mata, ikon Allah ne. Amma ba don ki sanar da ita kika faɗa ba, don ki rufe mata baki ne. Me zai hana ki ce ba ki sani ba?" Na ji haushinsa ranar, don ni ce mai takardar makaranta a gidan, shi kuwa manomin rake. Amma ya fi ni gaskiya. Shi ya kira ki ya ce, "Ni ma ban sani ba, Balki. In kin gano, ki zo ki gaya mini."

To ga ta farko. Inda za ki, za a riƙa kiranki Dokta, ɗalibai za su zauna gabanki suna jiran abin da zai fito daga bakinki. Ranar da aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, da babbar murya. Kada ki fake da girman muƙami kamar yadda na fake da sunan Allah don gajiya. Wanda ya yi tambaya ya ba ki amanar hankalinsa ne.

Ta biyu ta fi nauyi, kuma ita kin san ta, sai dai ba ki san abin da ke bayanta ba.

Shekarar da kika ci bak, jarrabawar gama sakandare, ni na riga na gama shirya miki rayuwa a cikin kaina. Likita za ki zama, ki dawo Matameye, ki riƙa yi wa mata aiki. A makon da sakamakonku ya fito aka kawo mana wata yarinya daga wani ƙauye na wajen Tsauni a kan amalanke. Ta daɗe tana naƙuda a gida, ɗan ya kwanta a gicciye. Na duba ta na san hannuna ba zai iya ba, sai an yi mata aiki, mai yin aikin kuwa a lokacin sai Damagaram. Na shiga motar tare da ita, kanta a kan cinyata. Ba mu kai ba. Na dawo gida ban gaya wa kowa ba, don aikinmu ya koya mana haɗiye irin wannan.

Ina shigowa kika tarbe ni da murna, kin ce kin yanke shawara, lissafi da ilimin sararin sama za ki karanta a jami'a. Kin tuna abin da na ce miki. Na ce, "Mata na mutuwa a hanyar Damagaram, ke kuma za ki je ƙirgar taurari." Daga nan na ɗauke miki wuta. Gaisuwa kawai nake amsawa. Da za ki tafi Yamai, babanki da yayanki ne suka kai ki tasha, ni na ce ina da aiki, alhali ranar hutuna ce.

Balkisa, ba ke kika kashe yarinyar nan ba, ba kuma karatunki ba. Baƙin cikina ne na rasa inda zan sauke, na ga kanki kusa na ɗora miki. Kika tafi da shi garin da ba ki san kowa ba. Amma kika dawo hutu da ɗan turmin atamfa kika aje gabana, kika durƙusa kika gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Kika sa aka shafa baƙin fenti a bangon zaure, kika tara 'yan matan unguwa kina koya musu lissafi duk hutu. Ramatu ta gidan Alhaji Sani, wadda yanzu take karatun likita, a zauren nan ta daina tsoron lissafi. Ba na kawo ta don in ce ga amfanin karatunki ba. Ko da ba a samu Ramatu ba, da karatunki bai zama banza ba. Na daɗe kafin in gane haka. Mutum ba ciki ba ne kawai da ciwo. Wanda ya halicce shi ya sa masa son sanin inda yake zaune.

Saboda haka in wani ya tare ki da "meye amfanin wannan ga talaka", kada ki yi fushi, don mai yiwuwa shi ma daga wata hanyar Damagaram ya fito. Ki amsa masa da ladabi. Amma kada ki sunkuyar da kai. Kuma duk ranar da ranki ya ɓaci a kan wani abu, ki dubi wanda ke gabanki ki tambayi kanki ko shi ne ya ɓata shi. Gaba da shiru mugun makami ne, ni na gwada shi, mai riƙe da shi yake fara yanka.

Yanzu bari in ba ki dariya, ko da yake ranar ban yi dariya ba.

Bayan kin gama digirinki na dokta kin dawo kina koyarwa a Yamai, ni da na ƙi karatun, sai na zama sarkin yi masa shela. Aka yi suna a Ɗan Barto, gidan ƙanwata. Mata sun cika tsakar gida, kowa na zancen nata, wannan ɗanta kwastan ne, waccan ɗiyarta ta auri mai shago a Kano. Ni ma na gyara zama na ce, "Tawa kam taurari take karantawa. Ba tauraron da ba ta san halinsa ba. Tana zaune da alli za ta gaya muku ranar da zai mutu." Aka yi salati. Na dawo gida ina jin kaina a sama.

Ba a jima ba kika zo hutu, sai ga Hajiya Delu mai ƙosai da sassafe, ta ja ki gefe tana raɗa. Wai ɗanta zai tafi ci-rani, ki duba masa tauraronsa, wace rana ce ta fi sa'ar fita. Kafin azahar wata ta zo a kan akuyarta da ta ɓata. Magana ta zaga gari cewa ɗiyar ungozoma ta je ƙasar waje ta koyo duba. Har ta kai kunnen Malam Habu limamin unguwa, wanda ya yi miki huɗuba ranar da aka haife ki. Ya zo da kansa ya yi sallama a zaure, fuskarsa ba walwala. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, don na san bakina ne ya jawo.

Ya ce, "Balkisa, abin da nake ji gaskiya ne? Gaibu kike taɓawa?"

Kika ce, "Allah gafarta Malam, ni ko abin da za a dafa gobe a gidan nan ban sani ba. In Malam zai ba ni dama in nuna masa aikina."

Kika karɓi zanena, kika sa mata huɗu suka kama bakinsa suka ja ya miƙe. Kika ɗora kabewa a tsakiya, zanen ya lotsa. Kika gangaro da lemon tsami daga gefe, ya riƙa kewaya kabewar kafin ya faɗa kusa da ita. Kika ce haka abu mai nauyi yake lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi, shi ya sa duniya take kewaya rana. Kika ce taurari ranaku ne irin tamu, nisa ne ya ƙanƙanta su, kuma wuta ce ke ci a cikinsu. In babban tauraro ya cinye makamashinsa, sai nauyinsa ya rinjaye shi ya rufta cikin kansa, ya zama abin da kuke kira baƙin rami, wanda ko haske ya shiga ba ya fita. Kika ce ke ba ki ma leƙa madubin hangen nesa. Wasu ne ke leƙawa su auno, ke kuma ki zauna da alli da ordinata, wato kwamfuta, ki lissafa yadda abin ya kamata ya kasance, sannan a gwada naki da nasu a ga ko kin yi daidai.

Malam ya daɗe yana kallon kabewar. Ya ce, "To in kin yi kuskure fa?"

Kika ce, "Sai awon ya ƙaryata ni, in sake."

Ya ce, "Boka kam ba ya yarda a ƙaryata shi. Wannan ba duba ba ne, tunani ne a kan halitta, kuma an umarce mu da shi." Ya sa miki albarka. Hajiya Delu da mai akuya dai, da suke cikin masu riƙe zanen, suka tafi suna gunaguni, wai duk wannan karatu ba a iya gano akuya da shi.

Laifina a nan alfahari ne da abin da ban fahimta ba. Na ɗauki aikinki na yi ado da shi kamar sarƙa, saura kaɗan in ɓata miki suna a garinku. Ki kiyayi ƙarin gishiri a kan aikinki, ki kuma kiyayi masu ƙara miki shi, ko da masoyanki ne. Sannan abin da kika yi a zauren nan kada ki bar shi. Can za ki yi shekaru kina magana da harshen wasu. Ki riƙa juya abin da kika gano zuwa Hausa, ko a zuciyarki ne. Ranar da kika ga ba za ki iya bayyana wa Hajiya Delu shi ba, ki sake zama a kansa.

Wadda zan faɗa yanzu ita ce ta sa na ɗauki bik na hau rubutun nan tun farko.

Kin yi shekaru a kan tambaya guda: waɗannan manyan baƙaƙen ramuka da ke tsakiyar garken taurari, yaya aka yi suka yi girma haka tun duniya tana jaririya, alhali bisa lissafi lokacin bai ishe su ba? Kin ce kamar a ga yaron goye da gemu ne. Kika fitar da bayaninki, aka buga, aka yaba, har aka yi hira da ke a rediyo muka taru a tsakar gida muna ji. Sai ga ki kin zo hutun damina ba ki da fara'a. Kullum da hantsi kina gindin dogon yaro da takardu, ki rubuta ki soke. Furar da na dama miki sai ta tsinke ba ki taɓa ba. Da na matsa miki, kika ce kin gano kuskure a cikin aikin da aka buga. Wani wuri ne a tsakiyar lissafin, kin ɗauki abu a kan ƙarami ne kin yar da shi, ashe ba ƙarami ba ne. In an gyara, rabin abin da aka yabe ki a kansa ya rushe.

Na ce, "Wa ya gani?"

Kika ce, "Ba kowa. Mai yiwuwa a daɗe ba a gani ba."

Na ce, "To ki rufa wa kanki asiri mana. Ke mace, baƙa, daga Matameye, kin san da mai jiran ki zame. Wa ya aike ki tona kanki?"

Kika dube ni, ba da raini ba, kika ce, "Inna, in kin karɓi haihuwa kika ga mabiyiya ba ta fita duka ba, ba wanda ya lura sai ke, dangi na ta guɗa a waje, rufewa kike yi ki tafi gida?"

Na tashi na shiga ɗaki na zauna bakin gado. Duk tsawon aikina ban taɓa yin haka ba, na sha fita in katse wa mutane guɗa in ce da saura. Amma ga ni ina koya wa ɗiyata abin da ni ba zan yi ba, don kawai ina tsoron a daina faɗin sunanta a rediyo.

Kika rubuta gyaran da hannunki kika aika. Na san abin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Kin gaya mini wani babba a fagen ya yi miki ba'a a gaban taro, wasu da ke kiranki suka yi shiru. Kika rame. Kika koma kan tambayar daga tushe, kika fito da amsar da ba ta kai ta farko ƙyalli ba amma tana tsaye da ƙafarta. Yau ga shi masu wata babbar cibiyar bincike a ƙasar Turawa sun kira ki ki zauna cikinsu ki ci gaba da binciken. Ban san abin da suka duba suka zaɓe ki ba. Ni dai na san abin da na duba. Na yi murna ranar bak, na yi murna ranar da aka ce Dokta, amma ban taɓa jin na haihu ba kamar ranar da kika ƙi jin maganata a gindin dogon yaron nan.

Don haka ki ji wannan da kyau. Ki riƙa jin maganar manya, amma ki iya rarrabe lokacin da hikima ke magana da lokacin da tsoro ke magana, don muryarsu ɗaya ce a bakin uwa. Kuma in wata rana ke kika gano kuskuren wani, ki tuna yadda ba'ar nan ta yi miki. Ki gyara lissafin, ki bar masa mutuncinsa.

Saura guda, ita kuma ba ta tsufa ba, ta shekaranjiya ce. Muna zaune muna gyaran zogale, kika ga na lalubi tire ban same shi ba sai da kika tura mini. Sai kika ce, "Inna, idon nan naki ƙaruwa yake. Baba ba ya nan. In kin ce in zauna, wallahi zan rubuta musu in ce na fasa. Yamai ba nisa, ko yaushe ina iya zuwa."

Ni kuwa sai na ce ki miƙo mini gishiri. Gaskiya ita ce daɗi ne ya kama ni. Zuciyata ta ce, ki ce ta zauna, kalma ɗaya ce. Na kwana biyu ina juya ta a bakina, na bar ki kina haɗa kaya da rabin zuciya, kina satar kallona. Wannan shirun bai dace ba, ya kamata a ce tun a wurin na sauke miki nauyin.

Ga amsata. Ki tafi. Ba ni kaɗai ba ce: yayanki na nan, matarsa tana kula da ni kamar ita na haifa, jikoki sun cika gida har sai na kore su. Likita ya ce yanar ido ce, in ta nuna za a cire, ba abin tsoro ba ne. In kin zauna domina, kullum na ji motsinki a tsakar gida zan san ni na tsare ki, kuma wannan ya fi makanta ciwo. Babanki ya tafi yana alfahari da ke, ni ma haka nake so in tafi in lokacina ya yi.

Ki riƙe salla a kan lokacinta, ko da agogon can ya rikita miki rana. Ki ci abinci, kada lissafi ya sa ki manta cikinki. Na sa miki kuka da daddawa da yaji a ƙasan jaka, cikin zanen nan mai ruwan toka. Ki nemi maƙwabta ki gaishe su ko ba su fara ba. Ki kira ni ranar Juma'a in an taso daga kasuwa, lokacin gida ya yi shiru ina jin magana sosai.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin zuciya. Allah ya buɗa miki abin da kike nema, ya sa ki gan shi da idonki, in kuma ba rabonki ba ne ya sa ki share wa mai zuwa hanya. Allah ya yi miki albarka duniya da lahira. Na yafe miki abin da na sani da wanda ban sani ba, ke ma ki yafe mini.

In Allah ya sa mun sake ganawa, alhamdu lillahi. In kuma wata rana kira ya same ki can aka ce Inna ta riga mu, ki yi kukanki ki yi mini addu'a, amma kada ki taɓa cewa da na sani da na zauna. Ba tafiyar kanki kika yi ba, Balkisa. Ni na aike ki.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajiya Mariyama
Matameye